Ƙunshin da Aka Ce Kada In Buɗe

Ranar da zan tafi aikin hajji, kafin gari ya waye na buɗe akwatina sau uku na rufe. Haka Allah ya yi ni. Ko shagona na ɗinki da ke Limawa na kulle, sai na dawo daga rabin hanya na sake taɓa kwaɗon. Fasfo yana nan, katin allura yana nan, harami yana nan, amma zuciyata ba ta zauna ba.

Bayan sallar asuba muna tsaye a ƙofar gida ana yi mini addu'a, sai ga wata tsohuwa 'yar ƙauyen Garatu. Ita ke kawo mana doya tun mahaifina yana aikin jirgin ƙasa, Mama muke ce mata. Ɗanta ya tafi Makka shekara takwas da suka wuce, ya zauna can yana leburanci. Duk shekara yakan zaga masaukin alhazan Minna ya ji labarin gida.

Ta miƙo mini wani ƙunshi da bai fi kwakwa girma ba. An naɗe shi da tsohuwar atamfa, an ɗinke bakinsa da baƙin zare mai kauri irin na kitso. Ɗinkin a karkace yake, wani taku dogo, wani gajere.

"Tela, ki kai wa ɗana wannan," in ji ta. Ita Hausarta ba ruwanta da ka ko ki. "Hannu da hannu. Kada ki buɗe, kada kowa ya buɗe."

"Mama, mene ne a ciki?"

"Ba a tambaya."

A wurinmu mai tafiya Makka ba ya ƙin karɓar sallahu, balle na tsohuwa, balle a gaban jama'a. Na karɓa da hannu biyu, na tura shi ƙasan akwati.

A shekarar daga Kaduna jirginmu zai tashi. A cikin bas na zauna kusa da taubashina, ɗan kawuna mai sayar da kayan keke a kasuwa. Tun muna yara ba ya raga mini. Ba mu ko fita gari ba ya fara.

"Alhaji Wasiwasi, ka tabbata ka ɗauko ƙafafunka duka biyu? Duba, ko ka bar ɗaya a shago."

Na yi dariya don kowa ya yi. Amma muna wuce Gwada wani dattijo da ke bayanmu, wanda wannan zuwansa na uku ke nan, ya soma ba mutane labari. Ya ce akwai wani bawan Allah da aka ba sallahu irin na garin magani, ya kai Jidda aka buɗe, ashe ƙwaya ce. Ya yi rantsuwa bai sani ba, ba wanda ya saurare shi.

"Can ba a tambayar wa ya ba ka," in ji dattijon. "A hannun wa aka gani, shi ke nan."

"To ya aka yi da shi, Baba?" wani ya tambaya.

Dattijon ya ja ɗan yatsa a wuyansa.

Ba a yi nisa ba tayarmu ta baya ta fashe, bas ta yi tangal-tangal ta tsaya a gefen daji. Ba wanda ya ji ciwo. Aka sauko da kaya daga sama don motar ta yi sauƙin ɗagawa, na ga akwatina a ƙasa cikin rana. Na tsaya a kansa kamar mai gadin gawa. Har na yi tunanin in zaro ƙunshin in jefa cikin ciyawa, sai na tuna Mama lokacin da ta miƙo mini shi. Ni na san ta. Shekara talatin ba ta taɓa haɗa mana da ruɓaɓɓiyar doya ba. Amma wa ya san wanda ya ba ta abin da ta ƙunsa? Wa ya san me ɗan nata ya zama a shekara takwas?

Mun isa filin jirgi da hantsi ya yi sama. Aka tara mu a ƙarƙashin wata rumfar kwano, zafi kamar a gidan burodi. Aka ce jirgi ya iso, muka tashi muka yi layi. Aka ce ba namu ba ne, muka koma muka zauna. Sau biyu ana haka. Matar gida ta ƙunsa mini dambun nama, na kasa haɗiye ko loma ɗaya. Taubashina ya cinye rabi yana sa mata albarka.

Wajen azahar wani ma'aikaci ya ɗauki lasifika ya ce duk wanda ya karɓi kayan da bai san abin da ke ciki ba, ya sani cewa wuyansa ya rataya wa. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Nufanci. Jim kaɗan na ga an ja wani mutum gefe da jakarsa, aka shiga da shi wani ɗaki. Na zuba wa ƙofar ido. Har aka kira salla bai fito ba.

Na raɗa wa taubashina zancen ƙunshin. Ya kece da dariya.

"Daddawa ce, ɗan'uwa. Tun Minna nake jin warinta. In sun kama ka zan riƙe maka keken ɗinki, kada ka damu."

Shi da wasa yake yi. Ni kuwa na ɗauki buta kamar zan kama ruwa, na zaro ƙunshin na sa a cikin riga, na zaga bayan bandaki. Ban taɓa buɗe amanar mutum ba a rayuwata. Ko aljihun rigar da aka kawo gyara ba na leƙawa sai mai ita yana tsaye. Na yi istigfari, na sa reza na yanke baƙin zaren.

Daddawa ce, kamar yadda ya ce. Da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da ɗan barkono. Har na fara murmushi, sai na ga wani ƙaramin ƙulli a tsakiya, an nannaɗe shi da leda sau uku. Na kwance. Farin gari ne mai laushi, cikin tafin hannu ɗaya. Ba garin doya ba ne, ba kanwa ba. Na sansana, ba ya warin komai. Na ɗan taɓa a harshe, ɗaci ya kama mini maƙogwaro.

Daidai nan na ji takun takalmi yana zuwa. Ban tsaya tunani ba. Na zazzage garin a lambatu, na bi shi da ruwan buta har ya ɓace. Mai takalmin ya wuce, ko kallona bai yi ba. Wani maniyyaci ne mai neman wurin alwala.

Ba na rabuwa da allura a jikin hulata, amma farin zare kaɗai ke gare ni. Na ɗinke ƙunshin a tsugune, hannuna ya yi abin da ya saba.

Da la'asar muka shiga jirgi. Ban taɓa hawa ba. Da ya ɗaga, kunnuwana suka toshe, wata hajiya a gabanmu tana ta salati da ƙarfi. Aka kawo shinkafa a ɗan faranti, na ci duka, abincina na farko a ranar. Na ji sakayau. Na ce wa kaina na tsira. Amma da na leƙa taga na ga ƙasa ta zama jan yashi ba iyaka, sai ɗacin nan ya dawo mini a harshe. Na sha ruwa, bai tafi ba.

A Jidda muka yi layi a gaban wani dogon tebur. Ma'aikacin da ya buɗe akwatina matashi ne. Ya ɗaga ƙunshin, ya kai hanci, ya yamutsa fuska, ya jefa shi ciki, ya ja alli a murfin akwatin. Bai ko taɓa ɗinkin ba. Taubashina ne aka zazzage wa goron da ya cusa a cikin safa. Ya bi ni yana mita.

"Ka gani? Mai tsoro ya wuce, jarumi ya rasa goro."

Ɗan Mama ya same mu a masaukinmu na Makka bayan kwana goma, da rana. Ban gane shi ba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kuma ba ya gama magana sai tari ya katse shi. Ya ce ƙurar siminti ce, shekara biyu ke nan. Na ba shi ƙunshin hannu da hannu. Ya jujjuya shi, ya shafa bakin da babban yatsa.

"Yaya, wannan ɗinkin ba na Mama ba ne," in ji shi. "Mama ba ta iya miƙaƙƙen layi ba."

Ya warware, ya fitar da daddawa, da kuka, da kuɓewa. Ya kakkaɓe atamfar. Ya sake kakkaɓewa.

Na gaya masa komai, tun daga dattijon cikin bas har lambatu. Ya saurara kansa a ƙasa. Sannan ya ce bara ya aika mata cewa tarin ya ƙi jin maganin asibiti. A gidansu akwai wata saiwa da ake haƙowa a bakin dutse sau ɗaya a shekara, a shanya a inuwa, a daka. A wurinsu irin wannan magani ba a ambatar sunansa a hanya, baƙon ido kuma ba ya ganinsa, in ba haka ba ya karye. Shi ya sa ta ƙi gaya mini.

"Ko ba ka zubar ba, tunda ka gani, ita za ta ce ya lalace," in ji shi. Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. "Kada ka gaya mata, Yaya. Don Allah."

Da na dawo gida, Mama tana cikin waɗanda suka fara zuwa barka da sauka. Ta kawo doya biyar manya a ka. Na ba ta dabino da zamzam. Ta jira mutane suka ragu, ta matso.

"Alhaji, kin ba shi?"

"Na ba shi, Mama. Hannu da hannu."

"To, badi war haka ya warke," in ji ta. Ta ɗaura dabinon a bakin zane ta tafi.

Doyar nan iyalina suka ci. Ni ban iya ba.