Gwiwa da Gwiwa da Surukata a Bayan Jif

Ana sallame sallar asuba muka bar Ikara, ni da abokina mai ƙaramar mota salun, wanda ya kwana biyu a layin mai, soja na zagaya su da bulala, kafin ya samu abin da zai kai mu. Kudan muka nufa. Maiɗakina ta gama wankan haihuwar fari a gidansu, ranar dawowarta ke nan. Sai dai ni ba hanya ce damuwata ba, surukata ce. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa jin wata kalma daga bakinta da ta shafe ni ba, kuma na san ba ta so a ba malamin makaranta 'yarta ba, a wannan zamani da albashi ke zuwa in ya ga dama. Kullum ina tambayar kaina, kunya ce ko ƙi?

Salun ɗin nan kam, Allah ya yi wa wanda ya ƙera kujerunta albarka. Ka zauna ka nutse kamar a katifar auduga. Illarta ɗaya, cikinta a ƙasa yake, kowane rami sai ta gaishe shi. A Makarfi muka karya da ƙosai da koko. Mai shayi kuwa ya ce madara sai mai hanya a gwamnati, sai ya tura mana mazarƙwaila muka jefa a ruwan bunu. Daga nan har Kudan gonakin rake ne hagu da dama, kore shar, abin sha'awa.

Da muka isa aka fito da gara, sai abokina ya riƙe baki. Buhun shinkafa biyu, tulun man shanu, ƙwaryar nakiya, tukwane, ga gwaggonni biyu 'yan rakiya, ga kawu. But ɗin salun buhu ɗaya ta haɗiye ta ce ta ƙoshi. Allah ya taimake mu da maƙwabcinsu, wani malamin coci, mutumin kirki, zai kai magani Ikara a tsohuwar jif. Ya ce a loda, ai hanya ɗaya ce.

Wajen rabon kujeru aka yi ta. Mai jego da jariri da gwaggonni suka cika bayan salun, na bar wa ƙanwar mai jego gaba. Surukata ma da ita za a tafi, amma ba za ta zauna kusa da 'yar farinta ba, kuma ta rantse ba mai riƙe tulun nan sai ita. Aka ba ta gaban jif, ta ce ita da zama gefen namiji? Kawu ya haye abinsa. Sai ga ni ga ta a baya.

Jama'a, wanda bai shiga bayan irin wannan jif ba ya ji da kyau. Daga waje ƙatuwa ce, rufinta ko da hula ba ka sunkuyawa, kuma ta shanye kayanmu kaf. Amma kujerun benci biyu ne na ƙarfe suna kallon juna, fatar kansu ta gama cinyewa. Tukwane suka cinye fili, ya rage gwiwata na neman taɓa ta surukata. Na maƙale ƙafafuna, na kafa wa buhu ido. Ita ta ja mayafi ta juya wa taga. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

Jif ba ta san rami ba, taka shi take yi ta wuce, bayanka ne zai ba da labari. Wajen Gazara muka faɗa wani kwazazzabo, na yi sama na dawo kan ƙarfe, ban san sanda na ce "Wash!" ba. Kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage.

Can sai na ga ta kwance ƙullinta, ta zaro zanen saƙi, na bikinta, ta ninke shi huɗu. Ba ta dube ni ba. Ta ajiye a kan buhu, ta tura shi gefena da ɗan yatsa, sannan ta ɗaga murya:

"Malam, ka bi mana a hankali. Uban jikana ne a nan, kuma shi kaɗai gare mu."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ɗauka hannu biyu na shimfiɗa na zauna, na ce wa buhun shinkafa, "Allah ya saka da alheri." Ta ce wa taga, "Amin."

Mun shiga Ikara bayan azahar. Salun ta iso a bayanmu da laka har ƙofa, mai jego ta ce barci ma ta yi a hanya. Don haka mai neman shawara, ga tawa: in mai jego ko tsoho za ka ɗauka, nemi salun, in kaya ne da mugunyar hanya, jif ba ta da na biyu, amma ka tafi da abin shimfiɗa. Ni dai har yau bayana na ciwo, kuma ban taɓa jin daɗin zama a mota irin na wannan benci ba.