Kwanan Watan da Manhajata Ta Karɓa

Ni mutum ne mai tsanani a wajen aiki, abokan sana'ata a Birnin Kudu sun sani. In na rubuta manhaja, kowane aiki a cikinta sai na sa masa mai gadi a ƙofa: inda ake son lamba, lamba kawai za ta shiga; inda ake son kwanan wata, to rana da wata da shekara, ko a kore ka. Kuma gaskiyata ce, shara ɗaya in ta shige sai ta ɓata komai.

Da mantuwa ta fara kama Innata, na tsorata ƙwarai. Duk haihuwa da mutuwar zuriyarmu a kanta suke, ba a wani wuri ba. Na yi 'yar manhaja, kowane ɗan dangi da gurbinsa, na ɗauki kwamfuta na nufi ƙauyenmu Zandam.

Na same ta tana ɓare gyaɗa. Na ce, "Inna, yaushe aka haifi Baba?"

"Shekarar da fara ta cinye gero."

Na rubuta haka, manhaja ta tofar. Na tambayi lokacin haihuwar yayata mai rasuwa.

"Ina goyonta rijiyar masallaci ta rufta."

Nan ma jan rubutun ƙin karɓa ya fito. Inna ta leƙo, ta yi dariya. "Kai, ɗan nan, abin naka ma ya fi ka taurin kai!"

Na koma gari na ƙirƙiro sabon nau'in lokaci, mai karɓar fara da rijiya da ambaliya, na koya wa mai gadin ya san shi. Aikin ya yi kyau, wallahi. Sai dai da na dawo bayan girbi, na zauna gabanta na buɗe kwamfuta, ta dube ni da fara'a irin ta baƙo. Ta ce, "Malam, daga wane gari?"

Kuka na yi, ban ɓoye ba. Zancen fara da na rijiya, abu biyun nan kaɗai na tsira da su.

Da ta rasu, bayan an share makoki, na buɗe gurbinta. Wajen haihuwa babu komai, ba kuma wanda zan tambaya. Wajen rasuwa na sa rana da wata da shekara. Manhaja ta karɓa nan take, ko gardama babu.