Goni, Musunmu Bai Ƙare Ba

Allah ya yi wa Goni mai gyaran talabijin na Mayo Gwoi rasuwa ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, bayan doguwar jinya ta shanyewar ɓarin jiki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Goni, mutane za su tuna rediyoyin tsofaffi da kake gyarawa kyauta, da bencin shagonka da ba ka taɓa korar kowa daga kansa ba. Ni abokin musunka ne. Fanninmu damben Turawa, ajin masu matsakaicin nauyi, 'yan kilo saba'in da wani abu. Kai kana bayan 'yan da, na zamanin hoto baƙi da fari, waɗanda ake aunawa ranar dambe su yi turmi goma sha biyar. Na yanzu kuwa, a cewarka, a auna su yau, su kwana suna cin tuwo, gobe su shigo kamar shanu. Ni ina bayan na yanzu, saboda sun fi sauri da iya kare kai. Ba ka taɓa yarda ba, ni ma haka.

Da ciwo ya kwantar da kai, masu dubiya suka ɗauki wata hanya da suke gani tausayi ce. Duk abin da ka faɗa sai su ce gaskiyarka. Har masu zagin 'yan da a shagonka suka koma yabonsu. Ka gane, ka juya fuska bango, ka rage cin abinci.

Matarka Alisabatu ta same ni a Yelwa, ta ce, "Kowa yana ce masa e, e. Ya ce sun riga sun binne shi. Kai ka zo ka yi masa musu, don Allah."

Na je. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai, amma na ce maka gwanayenka ba za su kai turmi shida da yaran yanzu ba. Ka juyo, ka ɗaga hannun da ke motsi, ka dunƙule shi. Ranar ka sha kunu har ka nemi ƙari. Haka muka ci gaba.

Ranar Talata da zan tafi, ka ce, "Gobe ka dawo, ban gama da kai ba." Na dawo da hujjata a shirye, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ya ba Alisabatu da 'ya'yanku, Faruk da Sumayya, haƙurin rashinka. Amin.