Baƙin da Ke Cikin Dangar Mainassara

Shekara ashirin Mainassara yana kafa wa mutanen garin Kwaya dangar karan gero, shekara ashirin kuma yana zagin maƙwabcinsa Manu saboda tsutsar da ke huda masa gero. Ya sha rantsuwa cewa daga gonar malalacin nan take shigowa.

Wata bazara yana gyaran dangarsa, sai wani kara ya tsage a hannunsa. Ga tsutsa kwance a ciki, da ranta, wata bakwai bayan girbi! Ya tsaga na biyu, ya tsaga na goma, duk da tsutsa a ciki, har gumi ya karyo masa. Ya zuba guntayen a kwalba, ya ɗaure bakin da tsumma. Bayan ruwan farko sai ga tsutsar cikin kwalbar ta rikiɗe ta zama ɗan malam-buɗe-littafi mai launin busasshiyar ciyawa, fukafukai a naɗe, irin waɗanda yake gani laɓe a ganyen geronsa duk damina.

"Innalillahi!" in ji shi. "Ashe ni ke ba su masauki."

Ya miƙe ya dubi gari. Babu dangar da ba shi ya kafa ba, har da ta Manu.