Ranar da Malam Sahabi ya ƙi karanta takardar kamfani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Sahabi, abokina kuma shugabana a wurin aiki. Shi ne kakakin wani kamfanin maganin feshi mai reshe a Talata Mafara, ni kuma nake rubuta masa abin da zai faɗa.

Wata damina maganin ciyawar da muka sayar ya ƙone shinkafar manoma daga Damri har Birnin Tudu. Mun san dalili: tun a masana'anta aka zuba wani magani daban a jarkokin. Amma manaja ya ce kada kalmar kuskure ta fito daga bakin kowa. Ni na tsara bayanin da hannuna, wai manoma ne suka zarce awo, kamfani kuma yana bincike.

Muka isa Damri ranar kasuwa. Tun ba a kashe mota ba aka kewaye mu. Babu wanda ya amsa sallamarmu. Wani dattijo ya ɗora ƙonanniyar shinkafa a kan motar, ya ce, "Malam, tun ba a haife ka ba nike noma. Yau ka taho ka ce min ban iya awo ba?"

Na ga matasa suna matsowa, direba ya kulle ƙofa. Malam Sahabi ya daɗe yana duban takardar da na rubuta masa. Sai ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya buɗe ƙofa ya fito.

"Baba, ba laifinku ba ne, namu ne," in ji shi. "Mai sauran jarka kada ya fesa. A aika Maradun yanzu, can ma mun kai maganin."

Kafin mako ya zagayo an sallame shi. Da aka tambaye ni ko na san zai yi haka, na ce ban sani ba. Aka ba ni kujerarsa, na karɓa. Ya koma Bakura yana noma har ciwon ajali ya same shi, bai taɓa yi mini gori ba. Ni kuma ban taɓa samun bakin ba shi haƙuri ba.

Yanzu kamfanoni ba sa tura kowa ya tsaya gaban mutane. Layi uku na rubutu ake watsawa ta waya, a ce ana bincike, a jira wani labarin ya danne wannan. Nakan rubuta irinsu har yau, ina tunanin yadda da Malam Sahabi zai cire tabarau ya tambaye ni wa aka gargaɗa.

Bai bar dukiya ba. Amma ranar jana'izarsa, wasu manoma suka zo daga Maradun a kan babura, ba wanda ya san su a gidan. Suka ce a waccan daminar saƙonsa ya riske su jarka na hannu, ba su fesa ba. Su suka ɗauki makararsa. Allah Ya jiƙansa.