Ɗinki uku bai ishi Kawu ba

Ina shiga zaurenmu a Gwiwa na tarar da yayana Sule yana ihu, mai ɗori ya danne masa ƙafa yana murza bayan dunduniyarsa da man shanu, kawunmu na tsaye a kansu.

Sati biyu ke nan da yi masa aiki a Kano. Agararsa ce ta tsinke a gona, likita ya ɗinke ta ta 'yan ƙananan huji, bai tsaga ƙafar ba. Ya ce kada a taka, kada a taɓa.

Na ce, "Kawu, wa ya fasa simintin da aka sa masa?"

Ya ce, "Ni ne. Na duba, ɗinki uku kacal! Ai ko kaciya ta fi wannan. Ba su gama aikin ba, shi ne na kira a ƙarasa."

Wallahi girmansa kawai ya sa na haɗiye maganata.

Jiya mun koma asibiti. Jijiyar ta sake tsinkewa, yanzu kam sai an tsaga.

Kawu zai ga babban tabon da yake nema, Sule kuma daminar bana ta wuce shi.

Jama'a, yaushe za mu daina auna magani da girman tabo?