Ranar da muka kai Mista Hank kan sabuwar ƙanƙara

Cikin shekarun da na yi ina aiki a kantin kayan kamun kifi a Gaithersburg, kusa da Washington, akwai rana guda da har yau ba ta fita daga raina ba. A tsakiyar shekarun 1980 ne, farkon watan Janairu. Tunda ku da kuka shigo aikin daga baya ba ku riski Malam Garba ba, bari in gaya muku yadda aka yi.

Ni mutumin Kagoro ne. Karatu ya kawo ni ƙasar nan, hidimar iyali ta sa ni neman aiki. Kantin na wata Ba'amurkiya ce, ita ke kula da ciniki. Daga ita sai Malam Garba, shugaban masu raka mutane kamun kifi, sai ni mataimakinsa, tuƙi da ɗaukar kaya. Malam Garba ɗan masunta ne daga Yawuri. Ya zauna shekaru a arewacin Amurka, can wajen iyakar Kanada, a nan ya koyi kama kifi ta ƙarƙashin ƙanƙara. Ya girme ni nesa, don haka Baba nake ce masa.

Ga wanda bai sani ba, a kewayen Washington ruwa ba ya daskarewa yadda mutum zai taka shi da kwanciyar hankali. Sai mun hau duwatsun yammacin Maryland, inda akwai wani babban tafki. Farkon ƙanƙara shi ne lokacin da kifi ya fi cin koto, shi ne kuma lokacin da ya fi haɗari. Dokar Malam Garba ita ce ba mai taka tafki sai kaurin ƙanƙara ya kai inci huɗu, kuma ta zama garau, wadda za ka hangi duhun ruwa ta cikinta. Fara mai kama da madara, wadda ta cuɗe da dusar ƙanƙara, ba ya yarda da ita ko da ta yi kauri.

Mista Hank tsohon abokin cinikinmu ne, tsohon makaniki, ya kusa tamanin. A shekarar ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rame har kwat ɗinsa na yi masa yawa. Wata Laraba 'yarsa Linda ta riƙo hannunsa suka shigo kanti. Ta ja Malam Garba gefe ta ce likita ya gaya musu da wuya mahaifinta ya ga wani hunturun, shi kuma ba abin da yake roƙo sai a kai shi kan ƙanƙara sau ɗaya.

Mai kanti ta ce da Malam Garba, "Sanyin bana bai daɗe da sauka ba. In wani abu ya same shi, mu za a tuhuma. Amma kai ka san ruwa, na bar maka."

Ya ce, "Zan je in duba da idona. In ba ta yi ba, za mu sha shayi a bakin tafki mu dawo. Ku gaya masa haka tun yanzu."

Ranar Asabar da sassafe muka kama hanya mu huɗu. Da muka isa, Malam Garba ya bar tsoho da 'yarsa cikin mota, inji na aiki don su ji ɗumi. Ya sa rigar hana nutsewa, ya ba ni tawa. Ya rataya mini ƙusoshi biyu masu ƙota a wuya, waɗanda in mutum ya faɗa ruwa zai soka a ƙanƙara ya jawo kansa. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya miƙo mini ɗaya bakin.

"Yohanna, kai ka tsaya a tudu. In ka ga na ɓace, kada ka biyo ni. Ja kawai."

"Baba, wannan maganar ba ta da daɗin ji."

"Ba don daɗi na faɗe ta ba."

Ya ɗauki doguwar sandarsa ta ƙarfe mai kaifin baki. Kafin kowane taku sai ya sari gabansa da ƙarfi, ya saurara, sannan ya ɗaga ƙafa. A wurin da muka saba shiga, bai yi nisa ba sandar ta ɓurma, ruwa ya yi tsartuwa. Ya dawo da baya a kan sawunsa. Muka koma wani wuri, nan ma haka. Na ce a raina yau shayin za mu sha. Amma shi bai haƙura ba. Ya dubi duwatsu, ya dubi inda rana ke fitowa, ya ce mu zagaya wani lungu da tudu ya yi wa inuwa, ba rafin da ke shiga cikinsa, iska ma ba ta kaiwa. A can sanda ta riƙa yin ƙara kamar a kan daɓe. Ya murza abin huda ƙanƙara, ya zura ma'auni, ya ɗago mini yatsu huɗu. Ya ƙara huda wasu wurare a kewaye kafin ya gamsu.

Mista Hank ba zai iya tafiya a kan santsi ba. Muka shimfiɗa barguna a cikin abin jan kayanmu, wani faffaɗan abu na roba mai kama da ƙaramin kwale-kwale, muka zaunar da shi, muka ɗaura wa abin igiya. Malam Garba ya ce haka ya fi, domin nauyinsa zai bazu maimakon ya taru a kan ƙafa biyu. Linda ya ce ta zauna a tudu. Ni da shi kuma kada mu tsaya kusa da juna.

Na kwashe ɓarɓashin ƙanƙara daga ramin da ludayi mai huji-huji. Malam Garba ya sa ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, ya miƙa wa tsohon gajeriyar sandar da ake wannan kamu da ita, wadda ba ta wuce tsawon hannu ba. Tsohon ya karɓa ya zura zaren cikin rami. Ba a jima ba ya ciro wani kifi mai ratsin rawaya, kamar karfasarmu ta gida. Ya ɗaga shi sama yana kiran 'yarsa, ita tana dariya tana share hawaye. Ya sake ciro wani, ya sake.

Ana cikin haka tafkin ya yi wani irin ruri kamar an buga ganga a ƙarƙashin ƙasa.

"Baba, mu gudu!"

"Tsaya, Yohanna. Wannan motsin ƙanƙara ne, takan yi. Ba ƙarar nake tsoro ba. Ka sa ido a bakin rami."

Wajen azahar iska ta juya, ta fara zuwa da ɗumi. Wasu masu kamu su uku da suka ga muna samu suka matso da kayansu kusa da mu. Ba mugunta ba ce, haka masu kamun kifi suke ko'ina. Daidai lokacin sandar Mista Hank ta lanƙwashe har bakinta ya kusa taɓa ruwa. Ya ce, "Garba, wannan babba ne!" Fuskarsa ta koma ta saurayi. Yana ja, kifi na ja. Sau ɗaya na hango shi ta cikin ƙanƙara, dogo ne mai dogon baki, ya gifta ya koma ƙasa.

Sai na ga ruwa na tasowa daga ramin, yana malala a kan ƙanƙara, yana zagaye abin da tsohon ke zaune a ciki. Wurin ya fara lotsawa saboda nauyi.

Malam Garba bai ɗaga murya ba. Ya ce da baƙin nan su watse, kowa ya bi hanyarsa daban, a hankali. Ya ce da ni da Hausa, "Koma tudu da igiya, ka jira alamata." Sannan ya kwanta rub da ciki ya ja jiki zuwa wurin tsohon.

"Mista Hank, lokacin tashi ya yi."

"Ba ni ɗan lokaci, ya gaji, yanzu zai fito."

"Ba mu da shi."

"Garba, don Allah. Ba zan sake samun irinsa ba."

Na ga Malam Garba ya dubi ruwan, ya dubi tsohon. Ya san gaskiya tsohon ya faɗa. Sai ya zaro wuƙa ya yanke zaren, ya ɗaga mini hannu. Na ja da duk ƙarfina, Linda ta kama tare da ni. Shi kuma ya biyo baya da jan ciki, gabansa duk ya jiƙe. Da muka waiwaya daga tudu, ruwa ya riga ya kwanta a inda muka zauna, baƙi ƙirin.

A hanyar dawowa Mista Hank ya zauna a baya. Ya juya fuska ga taga. Malam Garba na gefena lulluɓe da bargo, haƙoransa na kaɗawa, bai ba da haƙuri ba, bai kuma kare kansa ba. Sai da muka sauko daga duwatsu tsohon ya yi gyaran murya.

"Yohanna, ka gan shi?"

"Na gan shi, Mista Hank."

"Ya kai yaya?"

Na saki sitiyari da hannu ɗaya na nuna masa daga kafaɗata zuwa yatsuna.

Ya ce, "Ƙarya kake, ya fi haka." Ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya miƙo hannu daga baya ya dafa kafaɗar Malam Garba. "Da ni ne a matsayinka, ban san ko zan iya ba."

Malam Garba ya ce, "Ni ma sai da hannuna ya ƙi."

Mista Hank ya rasu kafin ganye ya tsiro a shekarar, a gadonsa, 'yarsa na kusa. Linda ta zo kanti ta gaya mana cewa duk wanda ya je duba shi sai ya sha labarin kifin nan, kuma kullum kifin ƙara tsawo yake.

Na yi aiki da mutane da yawa da suka san kayan kamu, wasu ma sun fi Malam Garba sanin sababbin kaya. Amma a wurinsa na koyi cewa aikin nan hali biyu yake nema a jikin mutum ɗaya. Akwai tausayin da zai sa ka zagaye tafki cikin sanyi kana neman inda za ka ce wa tsoho "to", alhali cewa "a'a" ya fi sauƙi. Akwai kuma ƙarfin zuciyar da zai sa ka yanke masa zare yana roƙonka. Mai na farko kaɗai zai kai mutum ga halaka, mai na biyu kaɗai ba zai taɓa fitar da kowa daga mota ba. In kun raka mutum kan ƙanƙara, kifi rabonsa ne, ya samu ko ya rasa. Komawarsa gida kuwa, wannan a wuyanku take.